Amsoshin Wasanni: Laifin Koci Ne Ko Na Yara?

Wasiƙun wannan fitowar sun haɗu a wuri ɗaya, wato ƙwallon kwando na jami'o'in Amurka, da gardamar nan da ba ta ƙarewa ta wa za a ɗora wa laifi idan ƙungiya ta lalace. Na zaɓi uku. Masu tambaya kan Firimiya su yi haƙuri sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗan Kano ne, ina karatu a jihar Kentucky. Ni da yayana da ke gida mun daɗe muna musu a waya kan ƙungiyar Jami'ar Louisville. Shi yana cewa zaluntar Kenny Payne aka yi da aka kore shi, yaran ne ba su iya ba. Hujjarsa ita ce kocin da ya gaje shi bai ci gaba da ko ɗaya daga cikinsu ba, sababbi ya kawo, kuma nan da nan ƙungiya ta miƙe. Ni kuma na ce koci ne. Wani abokinmu ya ce mu daina, in ɓera da sata daddawa ma da wari. Don Allah a raba mana gardama.

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya ba da sa'ar karatu, ka gaida yayan naka. Abokinku mai son sulhu ne, amma ba zan bi shi ba. A maganar Louisville kai ne da gaskiya, sai dai hujjar yayanka ba ta wasa ba ce, don haka ita zan bi a hankali.

Saboda waɗanda ba sa tashi ƙarfe ɗaya na dare don kallon waɗannan wasanni, ga abin da ya faru. Louisville babbar ƙungiya ce. Ta ɗauki kofin ƙasa a 1980 da 1986 a hannun Denny Crum, ta sake ɗauka a 2013 da Rick Pitino, ko da yake NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka, ta soke wannan na ukun a 2018. Zauren da take wasa, KFC Yum! Center, yana cin mutum sama da 22,000. A watan Maris na 2022 aka damƙa ta a hannun Kenny Payne, ɗan gida, wanda yana cikin yaran da suka ɗauki kofin 1986. Ya shekara goma yana mataimakin John Calipari a Kentucky, daga nan ya yi mataimaki a ƙungiyar ƙwararru ta New York Knicks. Abin da bai taɓa yi ba shi ne riƙe ƙungiya a matsayin babban koci.

Tun a wasan gwaji aka ga alama, domin Lenoir-Rhyne, makarantar da ke rukuni na biyu, ta zo har gida ta doke su. Da aka shiga kaka, wasanni uku na farko duk da maki ɗaya tak aka cinye su: Bellarmine, maƙwabciyarsu a cikin gari ɗaya, 67 da 66; Wright State 73 da 72; Appalachian State 61 da 60. Mutum zai ce rashin sa'a ne. To, sai suka tafi gasar Maui a Hawaii, inda Texas Tech ta yi musu 70 da 38. Sai da suka sha kashi sau tara a jere kafin su ɗanɗani nasara. Kakar ta ƙare sun ci wasa 4, an doke su sau 28. Kaka ta biyu sun ci 8, an doke su 24. A shekara biyun nan sau ɗaya kacal suka je gidan wata ƙungiya suka yi nasara, a Miami. Aka sallami Payne a Maris na 2024, aka ɗauko Pat Kelsey daga Charleston, shi kuma a kakarsa ta farko ya ci 27 ya faɗi 8, a gasar yankinsu ta ACC kuma 18 da 2.

Yanzu ga hujjar yayanka. Gaskiya ne, babu ɗan wasa ko ɗaya mai tallafin karatu da ya rage daga zamanin Payne a tawagar Kelsey. Tunda an canja koci an kuma canja yara a lokaci guda, ba wanda zai iya cewa ga ainihin abin da ya warkar da ƙungiyar ta hanyar duba sakamako kawai. Har nan ina tare da shi.

Amma ka tambaye shi: wa ya zaɓo yaran Payne? Nan ne ƙwallon jami'a ya bambanta da NBA, gasar ƙwararru ta Amurka, ya kuma bambanta da ƙwallon ƙafar Turai da muka saba. A can akwai manaja ko daraktan wasanni da ke sayo 'yan wasa, koci ya karɓi abin da aka ba shi. A jami'a koci da mataimakansa ne ke yawo makarantun sakandare, su zauna a falon iyaye, su yi alkawari, su raba guraben tallafin karatu, waɗanda a lokacin 13 ne ga kowace ƙungiya. Shi ya je cefane, shi ya ɗora tukunya. In miya ta ƙi daɗi ba zai ce laifin kayan miya ba ne. Kuma tun 2021, da aka ba ɗalibi damar sauya makaranta ya buga wasa nan take ba tare da zaman shekara guda a benci ba, aka kuma halatta masa karɓar kuɗin talla da sunansa, kasuwar a buɗe take ga kowa. Koci na iya sabunta tawaga gaba ɗaya cikin wata biyu. Abin da Kelsey ya yi ke nan. Ita wannan kasuwar tana nan a 2022 da 2023, Payne ma ya shige ta.

Dubi abin da ya fito da shi a shekarar farko. Ƙungiya ta shiga kaka da mutum ɗaya tak da za a ba ƙwallo ya haura da ita fili, El Ellis, wanda asalinsa mai neman maki ne, ba mai raba ƙwallo ba. Dogaye kuwa ga su nan birjik. Sakamakon haka, yawan ƙwallon da suke zubarwa hannun abokan karawa ya fi yawan wadda suke miƙa wa juna a ci maki. Duk wanda ya taɓa buga kwando ko a filin unguwa ya san ƙungiyar da ba ta da mai riƙe ƙwallo ba ta da kai. Wannan ba kasalar yara ba ce. Tun watan Yuni aka tafka kuskuren, a ofis. Kelsey kuwa da ya zo, cikin manyan abubuwan da ya yi har da ɗauko Chucky Hepburn daga Wisconsin, mai raba ƙwallo da ya shekara uku yana wannan aiki, wanda ya ƙare kakar a matsayin gwarzon mai tsaron baya na ACC. Ya taho da Reyne Smith daga Charleston don jifa mai maki uku, ya ɗauko Terrence Edwards daga James Madison. Kowa da aikinsa. Har manyan 'yan wasansa biyu suka ji rauni tun farkon kaka, amma tsarin bai rushe ba.

Zan yi wa Payne adalci a wuri ɗaya. Lokacin da ya karɓi aiki, shari'ar NCAA da ta samo asali daga binciken cin hanci da hukumar FBI ta Amurka ta yi a 2017 tana rataye a wuyan makarantar, ba a yanke hukunci ba sai Nuwamba na 2022. Yaro mai hankali ba zai so zuwa inda za a iya haramta wa shiga gasar kofin ƙasa ta watan Maris ba. Wannan uzuri ne na gaske, amma na shekara ɗaya ne. A shekara ta biyu ya kawo yaran da masana suka yaba, irin su Skyy Clark daga Illinois da Tre White daga Southern California, ga kuma Emmanuel Okorafor ɗan Najeriya da ya zo tun Janairun 2023 daga makarantar NBA ta Afirka. Duk da haka wata makarantar rukuni na biyu, Kentucky Wesleyan, ta sake doke su a wasan gwaji.

Sannan ka bi sawun yaran bayan sun watse. Clark ya koma UCLA ya zama cikin biyar ɗin farko, suka shiga gasar ƙasa a 2025. White ya koma Illinois, su ma suka shiga. Jae'Lyn Withers, da ya bar Louisville bayan kakar farko, ya taka rawa a North Carolina da ta zo ta ɗaya a ACC a 2024. Ba na cewa dukansu taurari ne, wasu sun je wani wuri ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Amma yaran da ake cewa ba su iya komai ba, ga su suna wasa a ƙungiyoyi masu cin wasa.

Ni abin da nake dubawa idan ina kallo ba jifar da ta kuskure ba ce. Jifa takan shiga, takan ƙi. Ina duba ko yara biyar sun san wanda kowa zai tsare idan an dawo musu da gudu. Ina duba abin da ke faruwa bayan koci ya nemi a tsayar da wasa ya zana musu dabara a allo: an samu jifa mai kyau, ko ƙwallo ta mutu a hannun mutum ɗaya har daƙiƙa 30 ta ƙare? Sama da duka, ina duba ko ƙungiyar watan Fabrairu ta fi ta watan Nuwamba. Yaran nan 'yan shekara 18 zuwa 23 ne, koyarwa ake musu, doka ma ta ƙayyade sa'o'i 20 a mako na atisaye da wasa. Idan wata huɗu ta wuce kuskuren jiya shi ne na yau, malamin za a tambaya.

Kada ka ɗauka cewa nake yara ba sa taɓa yin laifi. North Carolina ta je wasan ƙarshe a 2022, huɗu daga cikin biyar ɗinta na farko suka dawo, aka sa ta lamba ɗaya a ƙasa kafin kaka ta fara. Koci ɗaya, Hubert Davis, yara kusan ɗaya. Suka ƙare da nasara 20 da faɗuwa 13, ko gasar Maris ba su shiga ba, abin da bai taɓa faruwa da mai lamba ɗaya ba tun da aka faɗaɗa gasar a 1985. Jifarsu mai maki uku ko ɗaya cikin uku ba ta shiga. Koci ba zai shiga fili ya jefa musu ba. To amma ka ji abin mamaki: da Caleb Love ya koma Arizona, sai ya zama gwarzon yankinsu na Pac-12 a 2024, RJ Davis da ya rage kuma ya zama gwarzon ACC a shekarar. Ashe kowannensu gwani ne, haɗin ne bai yi ba, mutum biyu masu son ƙwallo a hannu a fili ɗaya. Wa ke da alhakin raba musu aiki? Ka ga mun sake dawowa ofishin koci.

Akwai kuma wanda ku ukun ba ku ambata ba, wato hukumar makarantar da ta ɗauki mutumin da bai taɓa jagoranci ba ta ba shi ɗaya daga cikin kujeru mafi zafi a ƙasar, saboda ɗan gida ne kuma tsofaffin 'yan wasa suna sonsa. In yayanka yana neman wanda zai rage wa Payne nauyi, can ya kamata ya duba, ya ƙyale yara.

TAMBAYA: Salam. Ni dattijo ne a Kaduna, na buga kwando a makaranta a shekarun 1980. Har yau abin da ya sami Hakeem Olajuwon da Jami'ar Houston a wasan ƙarshe na 1983 yana ba ni haushi. Mu a lokacin abin da muka ji shi ne kocinsu Guy Lewis ne ya kashe su. Haka ne?

AMSA: Baba, Allah ya ƙara girma da lafiya. Abin da kuka ji shi ne abin da jaridun Amurka suka yi ta faɗa, kuma yana da tushe, amma ni a wannan daren ba zan ɗora masa kaso mafi girma ba.

Ranar 4 ga Afrilu ne, a Albuquerque. Houston ta zo da nasara 26 a jere, da Hakeem ɗan Legas da Clyde Drexler, ƙungiyar da ta yi suna wajen gudu da dankara ƙwallo daga sama. North Carolina State ta Jim Valvano kuwa an doke ta sau goma a kakar, da ƙyar ta samu shiga gasar. Laifi biyu ake lissafa wa Lewis. Na farko, ya bar Drexler a fili yana tara keta har ya yi huɗu tun kafin hutun rabin lokaci, alhali ta biyar waje ce. Wannan kam nasa ne, ba musu. Na biyu, bayan an dawo daga hutu ana bin su 33 da 25, yaransa suka zuba maki 17 abokan karawa na da 2, suka wuce gaba 42 da 35, sai ya ce a rage gudu, a baje a fili a ci lokaci. A wancan zamanin babu agogon jifa a gasar, sai kakar 1985 zuwa 1986 aka shigo da shi, don haka ƙungiya na iya riƙe ƙwallo yadda ta ga dama.

Mutane sun ce ya ɗaure wa yaransa ƙafa. Amma ku tuna inda ake wasan. Albuquerque tana kan tudu, kusan mita 1,600 sama da teku, iska ba ta da kauri, kuma Hakeem ya gaji har sai da ya zauna a benci ana ba shi iskar shaƙa. Kocin da ke gaba da maki bakwai, babban ɗan wasansa na haki, na biyunsa na da keta huɗu, in ya ce a lallaɓa ba hauka ya yi ba. Dabarar tana da sharaɗi ɗaya: idan abokan karawa suka gaji suka fara yi muku keta da gangan, dole ku ci jifar da ake ba ku daga layi, wadda ba mai tare ku. Valvano ya san nan ne raunin Houston, ya sa aka yi ta yi musu keta. A daren, cikin irin wannan jifa 19, guda 10 kawai suka ci. Saura kusan minti ɗaya ana 52 da 52, Alvin Franklin, ɗan shekarar farko, ya tsaya a layi ya kuskure. Daga nan NC State ta riƙe ƙwallo har ƙarshe, Dereck Whittenburg ya wurga ta daga nesa ba ta kai ba, Lorenzo Charles ya cafe ta a sama ya zura. 54 da 52. Hakeem a lokacin ya matso gaba, ba ya ƙarƙashin kwando.

Da uku daga cikin jifa taran da suka zubar sun shiga, da yau ana kiran Lewis mai hikima. Shi ya sa nake raba hukuncin dare ɗaya da na kaka guda. Gasar Maris sili-ɗaya-ƙwale ce, minti 40, hannun yaro ɗan shekara 19 na iya rawa. Mai son ya kama Lewis ya kama shi a kan cewa rashin iya jifar layi ciwo ne da ƙungiyar ta yi fama da shi duk kakar, ba a magance ba. Wannan zargi ya fi na rage gudu nauyi a wurina.

Shi kuwa Hakeem ba abin da za a ce masa: maki 20, ya cafke ƙwallo 18 daga allo, aka ba shi kyautar gwarzon gasar duk da an doke su, kuma tun daga shi ba a sake ba wanda ƙungiyarsa ba ta ɗauki kofi ba. Lewis ya kai Houston zagayen 'yan huɗu sau biyar, har da 1984 da Georgetown ta Patrick Ewing ta doke su a wasan ƙarshe, amma sai 2013 aka shigar da shi zauren girmamawa na ƙwallon kwando, yana da shekara sama da 90. Ina ganin wancan daren ne ya jawo masa jinkirin.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamar motsa jiki ce a wata makarantar 'yan mata a Zariya, ina kuma horar da su kwando. Shin daidai ne koci ya fito gaban jama'a ya ce 'yan wasansa ne suka ja masa faɗuwa, in dai gaskiya ce?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama, sannu da ƙoƙari. A'a, ko da gaskiya ce. Faɗa a ɗakin sauya kaya ake yinsa, a rufe ƙofa.

A Fabrairun 2024 Rick Pitino, wanda yanzu yake St. John's a New York, ya gwada. Ƙungiyarsa tana gaba da maki 19 a kan Seton Hall, aka juyo aka doke ta. Ya zauna gaban 'yan jarida ya riƙa kiran sunayen yaransa ɗaya bayan ɗaya yana cewa ba su da saurin ƙafa wajen tsaro, ya kuma ce bai taɓa jin rashin daɗin aiki irin na wannan kakar ba. Maganar saurin ƙafa ba ƙarya ya yi ba. Matsalar ita ce kusan duk yaran shi ya ɗauko su da kansa 'yan watanni kafin nan, bayan ya sallami yawancin waɗanda ya tarar. Cikin kwanaki ya fito ya ba su haƙuri. Suka ci wasa shida a jere, masu son Pitino suka ce zagin ne ya farkar da su, ni kuma na ce ba wanda zai iya rantsewa ba haƙurin ne ya yi aiki ba. Ko ma dai mene ne, ba su samu shiga gasar Maris ba.

Abin da ya gyara ƙungiyar ba a gaban makirufo aka yi shi ba. Da kaka ta ƙare ya koma kasuwa ya nemo masu ƙafa, har da Kadary Richmond na ita Seton Hall ɗin da ta kunyata shi. Suka ci wasa 31 a kakar 2024 zuwa 2025, suka ɗauki kofin yankin Big East karo na farko tun 2000. Sai ga shi a zagaye na biyu na gasar ƙasa Arkansas ta Calipari ta fitar da su 75 da 66. RJ Luis, gwarzon Big East na shekarar, ya yi jifa 17 uku kawai suka shiga, Pitino ya zaunar da shi a benci kusan minti biyar na ƙarshe. Kafin gari ya waye magoya bayan St. John's sun rabu biyu, wasu na zagin yaron da ya kasa ci, wasu na zagin kocin da ya cire shi.